Harshen Masunci

Ƙarfe sha ɗaya muka shiga otal ɗin,
ni da Baba, hannunsa a kafaɗata.
Sanyin na'ura ya mare mu tun daga ƙofa,
ya ce, "Garwa ce nan, ko mun bar gari?"

Mutum ɗari biyu za mu ciyar ran Asabar.
Dijatu ta gama karatun likita a Yawunde,
uwarta na son walimar da za a daɗe ana faɗa,
ni kuwa lissafi nake yi a tafin hannu.

An lulluɓe tebur da farin ƙyalle.
Cokula a dama, cokula a hagu,
masu yatsu, masu baki, da wata wuƙa marar kaifi.
Baba ya lalube su ɗaya bayan ɗaya,
ya ture gefe,
ya ce a kawo masa ruwan wanke hannu.

Takardar abincin da Faransanci take,
ina karantawa ina tuntuɓe.
Yarinyar ta ce, "Sefa dubu shida kowane kai."
Baba ya ce, "Kai? Shanu za mu tara?"

Shinkafa da jar miya: ba yabo, ba fallasa.
Ganyen mutanen kudu, mai ɗaci, da gyaɗa,
ya tauna ya ce, "Wannan ya san duniya, a bar shi."
Kaza ta sha mai har ta manta ita kaza ce.
Miyar yakuwa ta yi tsami daidai,
sai dai an yi mata rowar daddawa,
kamar mai kuɗin da ke ɓoye danginsa na ƙauye.

Sannan giwan ruwa a dogon faranti,
an yi masa ado da albasa da lemun tsami.
Na ci, na ce madalla.
Baba ya gutsura, ya ɗora a harshe,
ya yi shirun mai jiran ƙugiya ta motsa.

"Kira mini wanda ya dafa."

Jonwe ya fito da doguwar farar hula,
zufa na gangara masa a wuya.
"Yaro, hannunka mai kyau ne, gishirinka ya zauna.
Amma kifin nan ya haura mako biyu a ƙanƙara,
ta tsotse masa zaƙi.
Kuma na Lagdo ne, daga inda ruwa ba ya tafiya.
Na ji laka."

Jonwe ya dubi yarinyar, ya dube ni,
ya cire hular yana dariya:
"Kwana goma sha shida, Baba."

Sai cokalin ya yi mini nauyi.
Shekara arba'in da bakwai yana jefa taru,
ni na gudu ofis, na koyi cin kifi da wuƙa.
Idonsa ya tafi, kunne ɗaya ya bi baya,
gwiwa ta ƙi hawa kwalekwale,
har na ɗauka Binuwai ta gama da shi.
Ashe ba ta je ko'ina ba,
tattarewa ta yi ta kwanta masa a baki.

"Juma'a da asuba ka sauka gindin gada,
ka nemi Hamajam mai gajeren yatsa,
ka ce Ɗan'azumi ya aiko ka.
Kada ka taya, ba zai cuce ka ba."
Jonwe ya rubuta a bayan rasit.
Muka tsayar da kifi, ganye, yakuwa,
a ƙara daddawa, a rage dubu ɗaya.

A kan gada ya ce in rage gudu.
"Ruwan ya kai ina?"
Na ce, "Yashi ya fi yawa, Baba."
Bai ce komai ba.
Ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙunshi,
farin ƙyallen otal, mai ya ɓata shi.
"Ko tsohon kifi ne," in ji shi,
"ba a tashi a bar kansa."